Audacity, Reaper ko Audition: da wanne sabon shiga zai fara montajin sauti?

Tambayar da ƴan istaji na rediyo da yaran da ke son buɗe podkas sunka fi yi nan Tawa ita ce wane lojisiyel ya fi kyau na montaji, kuma amsar da ake ba su yawanci ba ta kai su ko'ina, don kowa abin da hannunshi ya saba da shi yake yabo. Tsohon teknisiye zai ce maka Audition, mai situdiyon waƙa zai ce FL Studio, wanda ya taɓa zama horon wata ƙungiya a Yamai zai ce Audacity. Babu wanda ya yi ƙarya cikinsu, sai dai babu wanda ya tambaye ka wane aiki za ka yi, wace irin ordi ke hannunka, kana da katin banki na biya ta intanet ko ba ka da shi, kuma kuran na zama a unguwarku ko ko sai an yi sa'a.

Tukuna, ga wanda bai taɓa gani ba. Montaji mai pist da yawa shi ne ka jera sautuka layi-layi, wani bisa wani, muryar mai gabatarwa a pist na farko, muryar baƙo a na biyu, kiɗan jenerik a na uku, hayaniyar kasuwa ko kukan dabbobi a na huɗu in wasan kwaikwayo ne, kowanne kana iya ja shi gaba ko baya, ka ɗaga shi ko ka rage shi ba tare da ka taɓa sauran ba, a ƙarshe ka haɗe su su fita fishiye guda. Shi ke nan. Duk lojisiyel ɗin da zan ambata suna yin wannan in ban da guda ɗaya, kuma zan faɗe shi.

Ni abin da nake dubawa in za a ce lojisiyel mai sauƙi ne ga sabon shiga ba ƙarancin maɓallai ba ne. Ina duba mi ke faruwa in yaro ya yi kuskure. Don zai yi, dole ne, zai share kalmar da bai kamata ba, zai ƙara ƙarfi har murya ta fashe, zai rufe ordi bai adana ba. Akwai lojisiyel da ke yankan sautin kanshi, akwai kuma wanda ba ya taɓa asalin fishiye ko kaɗan, yana dai rubuta cewa daga nan zuwa nan za a ji, daga nan zuwa nan a ɓoye. Kamar tela ne, wani ya sa almakashi ya yanke shadda, wani ya naɗe ta ya kama da fil yana jiran ka gwada tukuna. Na biyun shi ne abokin mai koyo, kuma da wannan ma'auni za ka ga jerin ya juya ba yadda aka saba faɗi ba.

Mu fara da Audacity tunda shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Kyauta ne, ba kirake ba, wato na kuɗi da anka fasa makullinshi, kyauta ta gaskiya, buɗaɗɗe ne kowa na iya ganin yadda anka gina shi. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg sunka fara shi a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, ya fito ga jama'a a 2000, a 2021 kuma kamfanin Muse Group ya karɓe shi. Yana tashi a Windows da Mac da Linux, yana da Faransanci, wannan kaɗai ya sa ya fi kusa da yaran da sunka yi lakwal a nan. Ka buɗe, ka ga jan maɓalli, ka danna, ka yi magana, ka ga muryarka ta zana kanta a allo. Cikin lojisiyel ɗin ga duka babu wanda ke kai mutum ga naɗinshi na farko da sauri haka.

Amma hwa Audacity biyu ne, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Wanda ke yawo a kile daga hannu zuwa hannu yawanci tsohon ne, na 2 da wani abu. Shi tsohon in ka adana aiki yana yin ƙaramin fishiye mai .aup sannan ya yi wani dosiye gefe cike da guntayen sauti barjat, yaro ya kwashi ƙaramin kaɗai ya sa a kile ya tafi rediyo da murna, a buɗe a tarar ba komai ciki. Daga 3.0 da ya fito a watan Maris 2021 sunka maida komai cikin fishiye guda mai .aup3. A 3.1, cikin shekarar dai, sunka sa guntun sauti ya samu kai da za ka kama da suri ka ja shi, kuma in ka rage bakinshi abin da ka rage bai ɓace ba, kana iya sake jawo shi. A 3.2 na 2022 sunka kawo efe, wato kayan canza sauti, da ake ɗorawa kan pist a cire in an ga dama. To in za ka ɗauki Audacity ɗauki sabo daga shafinsu, ko da sai ka je inda ke da wifi, kada ka karɓi na kilen aboki.

Ko sabon ma da sauran almakashi a hannunshi. Yawancin efe da ke cikin menu, ƙara ƙarfi, rage hayaniya, daidaita murya, a jikin sautin suke rubutuwa. Muddin aikin na buɗe kana iya komawa baya da Ctrl+Z iya son ranka, amma ka adana ka rufe, gobe ka buɗe, hanyar baya ta tafi. Saboda haka dokar farko ga mai Audacity, asalin naɗi ya zauna a wani dosiye dabam da ba a taɓawa.

Bari in nuna abu guda kusa, don a ga inda sauƙinshi ya tsaya. Ka naɗi hira da wani dattijo a zaure watan Afrilu, ba yadda za a yi a kashe fanka, ga shuuu ɗinta a ƙarƙashin magana. A Audacity sai ka nemo wani ɗan wuri da ba mai magana, sakan ɗaya ko biyu na ƙarar fankar zalla, ka zaɓe shi, ka shiga wurin rage hayaniya ka ce ya ɗauki samfurinta, akwatin ya rufe kamar ba abin da ya faru, sannan ka zaɓi pist ɗin gaba ɗaya ka sake shiga wuri guda ka ce ya aiwatar. Shiga biyu a ƙofa ɗaya. Duk sabon shiga nan yake tsayawa yana kallon allo, yana cewa bai yi ba. Ya yi, tsarin ne bai gaya mishi ba. Kuma in ya ji daɗi ya matsa lambar da yawa muryar dattijon za ta rasa jiki ta riƙa rawa, gara a bar ɗan shuuu ɗin wallahi. Haka ma Auto Duck, wanda ke rage kiɗa da kanshi in murya ta shigo, yana aiki sosai amma sai ka sa pist ɗin murya a ƙarƙashin na kiɗan ka zaɓi na kiɗan, in ka juya su sai ya ƙi. Wa zai san wannan in ba an nuna mishi ba.

Wani abu kuma, tarho da yawa suna naɗi a irin fishiyen m4a ko amr, kuma Audacity kan buƙaci a ƙara mishi wani ɗan lojisiyel mai suna FFmpeg kafin ya buɗe irinsu. Sau ɗaya ake sawa a manta, amma ranar farko ce, ranar da yaro ke neman dalilin da zai ce abin ga ya fi ƙarfinshi.

Sai Reaper. In ka buɗe shi karon farko za ka ga baƙin allo fayau ba ko pist ɗaya, ka danna dama da suri menu ya zubo har ƙasan allo, da Turanci kuma, Faransancin sai ka nemo fakitin harshe da masu amfani da shi sunka haɗa ka sa da kanka. Kowa zai ce wanga ba na mai koyo ba ne. Ni ra'ayina dabam. Satin farko Reaper ya fi wuya, babu gardama, amma daga nan ya fi aminci, don shi ba ya taɓa asalin fishiye. Ka yanka da harafin S, ka share, ka ja, ka ɗora efe goma, bayan wata guda ka dawo ka kama bakin guntun ka ja, kalmar da ka share tana nan. Ƙarfin kiɗa ka zana shi da layi, ka ɗaga nan ka sauke can, gobe shugaban shirye-shirye ya ce kiɗan ya danne magana, ka ja layin ƙasa, an gama, ba sai an sake komai ba. Akwai kuma tsarin da in ka cire wani yanki duk abin da ke bayanshi ya matso ya rufe gurbin a dukkan pist tare, mai gyaran hira mai tsawo ya san darajar wannan.

Justin Frankel ya yi shi, mutumin da ya yi Winamp da munka sha jin kiɗa da shi a siber da can, kamfaninshi Cockos, kuma ya fito ne wajen 2006. Fishiyen sakawarshi wajen mega 15 ne kacal, forfe ɗin yini ma ya isa, yana tashi a tsofaffin ordi masu Windows 7 da sauran lojisiyel sunka juya ma baya, ana ma iya saka shi a kile ka riƙa yawo da shi da duk saitinka. Kuɗinshi dalar Amurka 60 ga mai amfanin kanshi ko ƙaramar sana'a ko ƙungiyar da ba ta neman riba, wato wajen jikka 35 ya danganta da canji, biya ɗaya ba na wata-wata ba, na manyan kamfanoni kuma 225. Suna ba da kwana 60 na gwaji ba tare da sun rufe komai ba, bayan nan ma ba ya kullewa, tunatarwa kawai yake yi, amma hakkin mutane ne, in kana cin abinci da shi ka biya.

Ramin Reaper shi ne, tunda ba ya haɗiye sautuka cikin aikin, nuni kawai yake yi inda suke, in ka ɗauke wani fishiye daga inda yake ko ka cire kilen da yake ciki sai ya ce bai gan shi ba. Maganin a wurin adanawa na farko yake, ka ce ya buɗe ma aikin dosiyenshi ya kwafo duk sautukan ciki. Da ni ne mai tsara shi da haka zai riƙa yi ba tare da an tambaya ba. Akwatin fitar da aiki ma ya cika zaɓi fiye da kima, sai an zauna da yaro an saita mishi sau ɗaya.

Batun ɗaukewar kuran, wanda masu rubuta irin wannan kwatance a Turai ba su ma tunawa da shi. Audacity in ordi ta mutu tsakar aiki yakan tambaye ka in ka sake buɗewa ko ya maido abin da ya tsira, kuma yawanci yana maidowa. Reaper yana rubuta naɗi kai tsaye a faifan ordi, kuma ana iya ce mishi ya riƙa adana kwafi kowane ƴan mintoci, sai ka leƙa saiti ka tabbata an kunna. Duka biyun kada ka yi aiki kai tsaye kan kile, kwafo zuwa ordi tukuna. In ordinka ta tebur ce kuma ba ondiler, wato batirin da ke riƙe ta in kuran ya ɗauke, to matsalarka ba ta lojisiyel ba ce.

Audition kuwa gado ne. Sunanshi na da Cool Edit Pro, na kamfanin Syntrillium, Adobe ta saye shi a 2003 ta canza suna, kuma tsofaffin teknisiye da yawa da shi sunka bar zamanin kaset, shi ya sa har yanzu wasu ke ce ma kowane montaji kul edit. Kayan gyaran muryarshi masu kyau ne ƙwarai, wajen cire hayaniya ya fi Audacity nisa. Tsarinshi fuska biyu ce, ɗaya ta gyaran fishiye guda inda yanka yanka ne da zarar ka adana, ɗaya ta pist da yawa inda ba a taɓa asali, kuma danna biyu kan guntu na iya ɗauke ka daga wannan zuwa waccan ba ka lura ba. Ga gwani wannan sauri ne, ga mai koyo hanyar ɓata asalin hira ce. Ga shi yanzu ba a sayar da shi sai abonema, kowane wata a cire daga kati, yana kuma son ordi mai ƙarfi. Abin da ke yawo a kasuwa kirake ne, ni ba zan ce ma kowa ya sa ba, ban da batun hakki su ne babbar hanyar shigar birus cikin ordin da duk shirye-shiryen gidan rediyo ke ciki. In gidan da za ka yi istaji da shi suke aiki, koye shi a can a kan injinsu, hannun da ya iya Reaper ba zai sha wuya ba.

Akwai wani da ba kowa ya sani ba, Hindenburg, na ƴan Denmak, don ƴan jaridar rediyo anka yi shi musamman. In ana maganar tsari mai tausayin sabon shiga ni a ganina shi ne ya fi kowa fahimtar abin. Ka jefo murya ya daidaita ƙarfinta da kanshi, ka jefo ta biyu ya daidaita ta da ta farko, gefen dama akwai wurin ajiye guntayen hira ka jera su rukuni-rukuni kafin ka san inda za su shiga, kuma asali ba ya taɓuwa. Sun cire duk kayan makaɗa, sun bar na mai magana. Matsalarshi guda, kuɗi ne, kuma ta intanet. In wata ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin rediyon ƙauye ta tambaye ku mi kuke so, ku ambace shi. In aljihunka ne, wuce.

Sauran a gurguje. Ocenaudio na ƴan Burazil kyauta ne, marar nauyi, yana da daɗin yanka wa'azi ko hira guda a cire tari da shiru, amma shi ne wanda na ce ba na jera pist ba ne, ba za ka shimfiɗa kiɗa ƙarƙashin murya yadda kake so ba. GarageBand kyauta ne kuma mai sauƙi sai dai na masu Mac da iPhone da iPad kaɗai. FL Studio na ƴan Beljiyam na haɗa kiɗa ne, in rap ko waƙar biki za ka yi to can ne gidanka, amma gyaran hira da shi wahalar da kai ne. A tarho kuwa BandLab na Singafo shi ne yara sunka fi sani, kyauta, pist da yawa, sai dai sai ka buɗe kont kuma aikin yana son hawa intanet, ma'ana forfe, ga kuma yankan kalma da ɗan yatsa a ƙaramin allo, ka yi nufin cire eh ka cire rabin suna. Na gwajin waƙa ne da ɗan saƙo gajere, ba na shirin minti 30 ba.

Ɗan gefe ga yaranmu masu karatun informatik, a jami'ar Tawa ko Abdou Moumouni, da kan ce za su gina namu na gida. Ku gina, amma kada ku fara da kwaikwayon allon Audition. Wuyar abin ba ƙara maɓalli ba ce, ƙin ƙarawa ne. Pist huɗu sun ishi kusan duk shirin rediyon da ake yi a nan. Asali kada ya taɓu har abada, aiki ya adana kanshi ba tare da an ce ya yi ba, komai ya zauna a fishiye guda da za a iya turawa, ya buɗe saƙon murya na WhatsApp da naɗin tarho ba tare da ƙarin wani abu ba, murya ta daidaitu da kanta, maɓalli guda ya sa kiɗa ya sauka in an fara magana, wurin fitarwa kuma zaɓi biyu, na sawa a rediyo da na WhatsApp, ba tambayar lambobi. Ku rubuta yanka, ja, maido, fitar da Hausa a jikin maɓallan, da Zabarmanci da Tamashek in kun samu masu taimako. Sannan ku ba wata mai gabatar da shirin mata da ba ta taɓa riƙe suri ba, ku zauna bayanta ku yi shiru, duk inda hannunta ya tsaya nan ne aikinku bai ƙare ba.

To wanne za a ɗauka. In yau za ka fara, ba ka da kati, aikinka murya ɗaya ko biyu da jenerik a farko da ƙarshe, sanarwa, wa'azi, podkas na hira, ɗauki sabon Audacity kada ka tsaya dogon tunani, ka kiyaye dokar ajiye asali gefe. Mutane da yawa ba za su taɓa buƙatar wuce nan ba, kuma ba abin kunya ba ne. In kuwa wasan kwaikwayo na rediyo kuke yi, muryoyi biyar da ƙarar ƙofa da babur da kiran salla daga nesa, ko mujalla ta mako da ake dawo maka da ita a ce gyara nan gyara can, ni sai in ce ka tsallake Audacity gaba ɗaya ka sha wuyar satin farko a Reaper, don ɗabi'ar da za ka koya a Audacity ta gasa efe a jikin sauti sai ka zo kana yaye kanka daga gare ta. Ka nemi wanda ya iya ya saita maka shi sau ɗaya, pist huɗu da sunayensu, adana kai, dosiyen aiki, tsarin fitarwa, ya adana shi a matsayin samfurin da zai riƙa buɗewa kullum, daga nan harafin S da suri da maɓallin tazara kawai za ka riƙa taɓawa tsawon wata.

Ko wanne ka ɗauka, wajen naɗi ka sa ido kan ma'aunin ƙarfi ya riƙa yawo wajen -12, kada ya kai 0, don muryar da ta fashe babu ɗaya cikinsu da zai maido ta yadda take. Yi aiki da WAV, minti ɗaya na sitiriyo wajen mega 10 ne, mono rabin haka, kuma muryar mutum ɗaya mono ta ishe ta. Sai a ƙarshe ka fitar da MP3, in ka zaɓi lambar inganci 128 kbps tana ba da wajen mega 1 a minti, in magana ce zalla za a tura rukunin WhatsApp na ƴan ƙauye ko ƴan ci-rani 64 mono ya wadatar, shirin minti 30 ya tsaya wajen mega 15, wanda ke Abalak ko Keita da rezo sanda ɗaya ma zai iya sauke shi.